Bari Shi Huce: Shekara Bakwai Bayan Malam da Tsohon Injinsa

A wannan makon ne maigidana ya cika shekara bakwai da rasuwa. Mutanen Bronx, inda muke zaune a nan ƙasar Turawa, sun san shi da Isufu Makanike, mutumin Maraɗi. Ni dai shekara ashirin da biyu na yi a gidansa ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake cewa, kuma da shi zan ci gaba a nan. Wanda ya zauna a unguwarmu ta Mount Hope a waɗancan shekarun, ko bai san fuskar Malam ba ya san ƙarar motarsa. Tun daga kwanar Grand Concourse ake jiyo ta, kwar-kwar-kwar kamar injin markaɗe, har maƙwabciyata takan leƙo ta ce, "Hajiya Dije, ɗora shayi, ga mutuminki nan tafe."

Motar tsohuwa ce ta gas, wato dizal, ko gazuwal a bakin Malam, ƙirar farkon shekarun tamanin. A hannun wani dattijo da ya daina tuƙi ya saye ta tun kafin ya ɗauko ni daga Kano. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi ya ci gindin ƙofofinta, kujerar direba ta lotsa, rediyon kuwa sai ya ga dama. Duk wannan bai taɓa damun Malam ba. Shi idan ya ce mota, abin da ke ƙarƙashin bonet yake nufi. Silinda biyar a jere, lita uku, ga turbo a gefe. Gangar jikinsa zubin ƙarfe ne mai nauyi, sarƙa ce a cikinsa inda na yanzu suke da bel ɗin roba, kuma babu kwamfuta ko ɗaya da za ta ba shi umarni. Yakan ce muddin injin nan ya tashi, ko batir ka cire ba zai tsaya ba, mai da iska kaɗai yake nema. Na ji wannan karatu har na haddace shi ba da niyya ba, yadda matar liman take haddace huɗuba.

Dokokinsa ba su da yawa, sai dai ba a taka su. Juyen baƙin mai duk mil dubu uku, tare da sabuwar filtar tace man, ko da kuwa man bai nuna gajiya ba. Sau ɗaya a shekara yakan buɗe murfin sama da injin a sanyaye, ya ɗauko wasu lanƙwasassun sufanu guda biyu da shi ya lanƙwasa su da kansa, ya daidaita bawul ɗaya bayan ɗaya. Da safe ba a murza ki gaba ɗaya. Sai ka jira 'yar fitilar nan ta fulogin ɗumama ta mutu tukuna, domin injin gas ba tartsatsi yake amfani da shi ba, zafin matsi ne yake kunna masa mai. Idan sanyi ya kankama yakan zuba wani magani a tanki don kada gas ya daskare kamar man shanu. Na ga safiyar da sababbin motocin layinmu suka ƙi tashi, tsohuwar Malam ta yi tari biyu ta kama, shi ya bi su da waya yana haɗa musu batir.

Amma dokar da ta fi ci mini rai ita ce ta minti uku. Ni mace ce mai gaggawa, duk wanda ya taɓa shiga shagona na atamfa da turare kusa da Fordham Road ya san haka. Mu ɗebo kaya tun daga Canal Street, mu sha cunkoso, a samu wurin fakin da ƙyar, ƙafata ɗaya ta riga ta fita, sai Malam ya saki sitiyari ya naɗe hannu, injin yana silo.

"Malam, kashe mu tafi mana. La'asar tana wucewa."

"Zamna, Dije. Bari shi huce."

Bayaninsa kullum ɗaya ne. Turbo yana juyawa da gudun da ido ba ya gani, hayaƙi mai zafi ne yake kaɗa shi, baƙin mai kuma shi yake sanyaya shi. Idan ka kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, mai ya daina zagayawa, ɗan abin da ya rage a cikin turbo sai ya ƙone ya zama gawayi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana ka ji yana kuka. Don haka minti uku ne, babu ragi. Na sha yin tsaki a cikin minti ukun nan, Allah Ya yafe mini.

Sai bayan ba ya nan na lura da abin da nake samu a ciki. Malam ba mai magana ba ne. A gida daga sallama sai abinci sai labarai. Amma da ya naɗe hannu a motar nan bakinsa yakan buɗe. A nan nake jin labarin garejin manyan motoci da ya tashi a ciki a Maraɗi, a nan muke shawarar makarantar Rabi, 'yar da Allah Ya ba mu bayan shekara goma sha ɗaya muna jira. A cikin irin wannan zaman ne ya gaya mini abin da likita ya ce game da ƙodarsa. Ranar mun fi minti uku, kuma ban ce ya kashe ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, a gadon asibiti, ya sa na matso kusa. Na zaci maganar 'yan'uwansa zai yi, ko ta inda za a binne shi. Sai ya ce, "Dije, injin ga. Kada ki bari shi mutu kahin Rabi ta kama sitiyari." Wallahi haushi ne ya fara zo mini kafin kuka. Mutum yana bakin tafiya, maganar mota ce a bakinsa. Daga baya na zauna na duba rayuwarsa a ƙasar nan. Gidan haya muke, garejin da ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki na wani ne. Abu ɗaya tak da zai nuna ya ce babu notin da hannunsa bai taɓa ba a jikinsa shi ne injin nan. Da aka raba gado motar ta faɗo a rabon Rabi, tana da shekara goma sha ɗaya. Ta zama amanar mamaci, ta kuma zama dukiyar marainiya, duka biyun a wuyana.

Shekara huɗu da ɗoriya na riƙe amanar nan ba tare da tangarɗa ba, kuma ba kunya zan ce na yi ƙoƙari. Ni da a da lasin kawai nake da shi a jaka, na koma mai gusar da mota duk ranar da masu shara za su bi layinmu, don kada a ci ni tara. Duk Lahadi nakan hau babban titi in yi tafiya mai ɗan nisa in dawo, saboda Malam ya ce injin gas ba ya son 'yar tafiyar kasuwa, yana so a buɗe masa wuta lokaci-lokaci ya ƙone dattin cikinsa. Juye da daidaita bawul kuwa wani tsohon abokin aikinsa ne yake yi mini, da sufanun Malam. Sai aka rushe garejin aka dasa bene a wurin, dattijon ya koma wajen 'ya'yansa a wata jiha. Dole na nemi sabon hannu.

A haka na haɗu da Ɗanjuma, wani makanike ɗan garinmu wanda bai daɗe da zuwa ba. Mutumin kirki ne, hannunsa yana da kyau, ba kuma don in ɓata shi na kawo shi cikin labarin nan ba, kuskuren namu ne mu biyu. Wata rana cikin tsananin zafin Agusta na maƙale a cunkoso, na ga allurar zafin inji tana hawa inda ban taɓa ganinta ba. Hankalina ya tashi. Na lallaɓa na kai masa. Ya wanke lagireto, wani baƙin ruwa mai laka ya fito. Daga nan ya kwance wani murfi ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin, bai fi cikin tafin hannu ba.

"Hajiya, ga mai laifin nan. Tamostat ne. Ai mu a gida da mota ta sauka shi muke fara cirewa, shi yake kawo obahitin, inji ya yi ta zafi."

Ban yi musu ba ko kaɗan. Me zai sa in yi? A Kano na tashi. Mahaifina ya yi motar haya, yayyena sun yi, ban taɓa jin motar da aka bar wa wannan abu ba. Kowa ya san na ƙasar sanyi ne. Abin dariyar shi ne daga ni har Ɗanjuma babu wanda ya tsaya ya tuna cewa a ƙasar sanyin muke tsaye. Ya ƙulle shi a leda ya jefa mini a but ɗin motar. Allura ta sauka, na yi masa godiya har da addu'a.

Disamba ce ta tona mana asiri. Injin da yake tashi da tari biyu ya koma girgiza kamar zai fice daga mazauninsa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas ya riƙa bin bayana har in kai shago. Shan mai ya ƙaru, hita ta daina ba da zafi, gilashi ya yi ta yin hazo ina gogewa da gefen mayafi. Na koma wajen Ɗanjuma. Ya saurara, ya kaɗa kai, ya ce, "Hajiya, tsufa ne. Zoben fistin sun cinye. Injin da ya haura mil dubu ɗari uku ai ya biya bukata. Akwai masu yanka motoci da na sani, za su ɗauke ta ranar Asabar, ki huta." Wasu ma sun faɗa mini haka, cikin tausayi. Rabi tana da shekara goma sha shida a lokacin, saura ƙiris. Na ce masa zan yi tunani, amma a raina na riga na sallama, kuma na ji kunyar Malam irin wadda ban taɓa ji ba yana raye.

Ranar Alhamis da safe ranar shara ce. Na gusar da motar na zauna a ciki ina jiran mai sharar ya wuce, kamar yadda kowa yake yi a layin. Riga biyu na saka, injin yana silo, hita tana hura mini sanyi. Ba ni da abin kallo sai allurar nan. Rabin awa tana kwance a ƙasa ba ta ko motsa ba. A nan ne wata safiya ta shekarata ta farko a garin nan ta dawo mini. Malam ya buɗe bonet, ya kama hannuna ya ɗora a kan babban tiyon da ya tashi daga inji zuwa lagireto. "Taɓa nan. Sanyi ko? Jira." Muka tsaya ina rawar ɗari ina mita. Can sai tiyon ya ɗau zafi lokaci guda. "Kin ji? Mai gadi ya buɗe ƙohwa." Ya ce tamostat mai gadi ne, yana tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin aikinsa, sannan ya sake shi ya je ya sha iska. Ya ce da hannunsa ya cire fiye da yadda zai iya tunawa a Maraɗi, kuma sai da ya zo nan ya gane ko a can ɗin ma ba gyara suke yi ba, lagireto ne yake son wanki. Injin gas da bai yi zafi ba ba ya ƙone mansa duka.

Na fito na buɗe bonet, mutane suna kallon Hajiya da mayafi ta sunkuya cikin inji. Na dafa tiyon. Ɗumi-ɗumi ne kawai, bayan rabin awa. Na buɗe but na tono ledar nan daga ƙarƙashin tayar safaya.

Akwai wata 'yar tukunyar shayi da muka sha faɗa a kanta, domin na taɓa kama Malam yana dafa ƙarfen mota a ciki, na hana shi har abada. Ita na ɗauko. Na zuba ruwa, na ɗaura wa tamostat zare na zura shi, na kunna wuta. Rabi ta shigo da jakar makaranta ta tambaye ni da Turanci me nake dafawa, na ce ta zo ta gani. Kafin ruwan ya tafasa sai muka ga bakin ɗan ƙarfen yana buɗewa a hankali. Na ɗaga shi sama ya sha iska, ya koma ya rufe. Lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yin laifin komai ba. Na zauna a kujerar kicin na yi kuka, na kuma yi dariya, Rabi tana tsaye tana kallona.

Washegari na sayi sabon gasket, wato abin da ke toshe bakin murfin kada ruwa ya yoyo, na nufi gareji.

"Ɗanjuma, mayar mini da wannan inda ka ciro shi."

"Hajiya, wannan ai ba zai ta da mataccen inji ba. Mu a gida…"

"Leƙa waje ka gaya mini ko Kano ka gani. Mayar da shi, ina tsaye."

Ya yi dariya ya mayar. Muka tayar, muka tsaya, hannuna a kan tiyo, nasa a gefen nawa. Da zafin ya zo lokaci guda sai ya ɗago ya dube ni. Allura ta hau ta tsaya ɗan sama da tamanin, inda take tsayawa a zamanin Malam. Na sa aka yi juye, na hau babban titi na ba ta wuta. Kafin in dawo hayaƙin ya ɗauke, ƙafafuna sun yi ɗumi. Masu yanka motoci ba su zo ranar Asabar ba. Ɗanjuma har yau shi yake yi mini aiki, kuma na ji an ce yanzu shi yake yi wa sababbin zuwa faɗa idan sun kai hannu wajen tamostat.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga titunan nan a yau. Motocin lantarki sun yawaita, suna wucewa shiru kamar kyanwa. Na san abin da zai fara tambaya, motar da ba ta magana ta yaya za ka san tana ciwo? Makanikan yanzu waya suke soka wa mota, allo ya gaya musu abin da za su canja, shi kuwa doguwar sukundireba yake kafawa a jikin inji ya kara kunnensa. Zai yi musu tsiya, babu shakka. Amma na san shi, bayan sati guda za a same shi a bayan ɗayansu yana leƙen allon yana tambaya. Mutumin da ya yarda ya yi kuskure shekara da shekaru a kan tamostat ba zai ji kunyar koyon sabon abu ba.

Akwai kuma maganar hayaƙi, wadda Rabi ba ta raga mini a kanta. Yara masu ciwon asma sun yi yawa a unguwannin nan, tsohon injin gas kuma ba abokinsu ba ne, ko an daidaita shi yadda ya kamata. Gaskiyarta ce. Ban ce kowa ya je ya nemi irin motar nan ba, na kuma san wata rana ko doka ko tsatsa ɗaya zai raba mu da ita. Gidajen mai masu famfon dizal ma sai na zaɓa yanzu. Abin da na tsaya a kai, ba tare da shakka ba, shi ne injin nan bai taɓa yaudarata ba. Sau ɗaya ya yi ciwo a hannuna, kuma ni na jawo masa.

Idan na auna abin da Malam ya bari, ƙarfen shi ne mafi ƙanƙanta. Ya bar mini hannun da ya san taɓa tiyo, da kunnen da yake bambance kukan bawul da na sarƙa. Ya bar mini ɗabi'ar gwada abu kafin in yarda ya mutu, wadda ta yi mini amfani a wuraren da ba su shafi mota ba. Haƙurinsa ne dai ban gada ba, har yanzu ni ce mai ƙafa ɗaya a waje.

Watan jiya Rabi ta sami lasin. Ranar Lahadi na miƙa mata ki a ƙofar gida, ban yi wani jawabi ba, na zagaya na zauna a kujerar da na saba zama shekara ashirin da biyu. Ta jira fitilar ɗumama ta mutu ba tare da na ce mata komai ba. Muka hau babban titi muka yi nisa muka dawo, ta yi fakin a layinmu, sau biyu tana gyarawa. Amana ta isa hannun mai ita, injin yana raye. Na ce alhamdulillahi a fili, na ɗauki jakata na buɗe ƙofa, domin na bar wake a jiƙe.

Sai na ji hannunta a kan nawa. Yarinyar da in na yi mata Hausa take mayar mini da Turanci tun tana 'yar shekara biyar. A kujerar baya ta girma, ashe duk shekarun nan tana ji.

"Mama, zamna," ta ce. "Bari shi huce."

Na mayar da ƙafata ciki na ja ƙofar. Ta saki sitiyari ta naɗe hannu, injin yana silo, ta ce in ba ta labarin garejin Maraɗi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ranar ma mun fi minti uku.